Tandun Kwallin Inna

Ko me zan manta a duniya, ban da shekarar da na haifi ɗiyata ta fari, na koma wankan jego gidanmu, a wani ƙauye kusa da Urafane. Har yau in na ga ana sa wa jinjiri kwalli sai gabana ya faɗi.

Inna, wadda ta haife ni, tana da wani tandun kwalli da ta gada wurin uwarta. Fatarsa ta yi baƙi ƙirin don tsufa, tsinke ɗaya ne tal a ciki. Al'adar gidanmu ce, duk macen da ta zo barka sai ta ɗauki tandun, ta lashi tsinken don kwalli ya kama, ta zizara a idonta, sannan ta zizara wa jinjiri, wai ya tashi da ido mai haske. Ran suna kuwa gida ya cika, tandu sai yawo yake hannu zuwa hannu. Cikin matan har da Gwaggo, ƙanwar babana, idanunta jawur suna zubar da ruwa. Ni da ma bakina ba ya shiru, na ce, "Gwaggo, da wannan idon za ki sa?"

Ta ce, "Ji ɗiyar nan. Ai shi ya sa nike sawa, kwalli magani ne."

Ba a jima ba yarinya ta wayi gari idanu sun kumbura, kwantsa ta liƙe su. Inna ta wanke da ruwan ɗumi, ta ƙara mata kwalli. Kumburi ya ƙaru, aka sake ƙarawa. Abin da ke tayar mini da tsikar jiki ke nan har gobe: babu mai mugun nufi, ciwon ake ɗura mata da sunan magani.

Wata safiya na sa yatsa na buɗe idon hagun. Mugunya ta bulbulo, a kan baƙin idon kuma ga wani fari kamar ɗigon nono. Ban jira izinin kowa ba, na goya ta, muka hau kabu-kabu sai Tasawa. Duk hanya abu ɗaya nake faɗi a raina, ɗiyata za ta makance tun ba ta san fuskata ba.

Likita ya duba, ya ce, "Mi kuke sa mata?"

Na ce kwalli.

"Mutum nawa ke amfani da tsinken?"

Na ce duk macen da ta zo barka. Ya ce akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, miyau da ido mai ciwo ke zuba su cikin tandun, danshi ya raya su, tsinke ya rarraba wa kowa. Ya ce, "Na dama za mu yi ƙoƙari. Na hagu sai addu'a."

Allah ya taimaka, na dama ya warke sarai. Ranar da muka dawo na faɗa wa Inna abin da likita ya ce. Sai ta ɗauko tandun uwarta ta jefa cikin murhun da ake dafa mini ruwan wanka, ta zauna tana hawaye.

Yanzu yarinyar tana lakwal, makarantar boko, sai ta karkata kai take karanta allo. Da sallar bara ta ce, "Mama, ki sa mini kwalli kamar ƙawayena." Na sayo mata sabo, nata ita kaɗai, na sa mata a idanun duka biyu, har wanda ba ya gani. Darasin da na koya da tsada shi ne, abin da ya taɓa idon wani, ko na uwarki ne, kada ya taɓa idon ɗanki.