Hannun daman Malam Maitama

Ranar Talata, sha huɗu ga Janairun 2025, ana shirin sallar La'asar, matarka Zainabu ta bugo min waya daga asibiti ta ce rai ya yi halinsa. Daga Allah muka fito, gare shi za mu koma, kai dai ka riga mu ne, Malam Maitama. Washegari muka binne ka a nan Kuala Lumpur, ana yayyafi.

Ni Mika'ilu, da ƙofata ke kallon taka a benenmu na Setapak, ni aka ce in rubuta wani abu, wai na fi kowa saninka. Waɗanda suka sa ni za su yi da-na-sani, domin ba abin da suke so su karanta zan rubuta ba.

Alherinka ba ɓoyayye ba ne. Karatun digiri na uku ya kawo ka, ka gama ka zauna kana koyarwa, tun daga nan kuma babu sabon ɗalibin da zai sauka daga gida ba ka ja shi zuwa kasuwar Chow Kit ka nuna masa inda ake samun kuɓewa da busasshen kifi ba. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da 'yata ina wajen taro, kai ka saɓa ta a kafaɗa har asibiti. Amma waɗannan mutanen da suka ci tuwon gidanka, su ne a bayan idonka suke cewa dakta guda ya koma makaɗi.

Kiɗan da suke nufi shi ne jitar nan taka mai feda, wadda wani dattijo ɗan ƙasar nan ya koya maka, ya kuma bar maka ita. Ba a rungumar ta. Tana tsaye a kan ƙafafu huɗu, mutum ya zauna gabanta kamar tela a kan keken ɗinki, ƙafa na taka feda, hannun hagu na jan guntun ƙarfe a kan tsirkiya. Hannun dama kuwa ana sa masa farata uku, ɗaya a babban yatsa, biyu na ƙarfe a yatsun da ke biye, su ke tsinkar tsirkiya, gefen tafin hannu kuma ya danne ta ya kashe sautin kafin na gaba ya fito. Kullum kana cewa aikin duka yana hannun dama. Da ita ka shiga wata ƙungiya ta 'yan ƙasa masu kiɗan biki, suna ji da kai, mu kuwa ba wanda ya taɓa zuwa ya saurara sai ni mai taya ka ɗaukar akwatin jitar.

Ka sha gaya wa almajiranka na kiɗa cewa ba a kai wa sabuwar jita tsohon hannu. Tazarar tsirkiya ta bambanta, tsayin teburin ma haka. Duk wanda ya sauya jita sai ya ɗauki filaya ya sake lanƙwasa faratansa, ya nemi sabon wurin ajiye tafin hannu, ya ajiye ƙarfen hagu gefe, ya yi kwanaki yana tsinkar tsirkiya sannu a hankali har yatsu su manta waccan.

Ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba. Wajen koyarwa ba ka da tausayi. Bahauddeen, ɗalibin da ya fi kowa hazaƙa a cikinsu, ya taɓa yin kuri a gabanka cewa shi jita jita ce a wurinsa. Ranar atisaye, a gaban 'yan ƙungiyar duka, ka tashe shi daga tasa ka zaunar da shi a gaban taka, ka ce bismillah. Yatsunsa suka yi ta faɗawa tsakanin tsirkiya, kai kuma kana dariya har da riƙe ciki, kana kwaikwayon hannunsa. Na ga idonsa a ranar. Na ce maka ka yi yawa, ka ce min ai haka ake koyo.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ka, ya kama ɓarin dama. Bahauddeen ya gaji kujerarka a ƙungiyar, ya sayi sabuwar jita mai tsirkiya goma sha biyu a matse, ba irin taka mai goma a wawware ba. Kai kuwa fiye da shekara ina jin ka ta bango, tsirkiya ɗaya, shiru, tsirkiya ɗaya. Yatsunka biyu sun ƙi miƙewa, sai ka lanƙwashe faratan suka bi karkatarsu. Hannun ya dawo, amma a kan jitarka kaɗai ya dawo, kuma duk wanda ya zauna a gabanka ya san haka.

Burinka ɗaya ne: mutanenka su ji ka sau ɗaya kafin ka ajiye kiɗan. Dama ta samu da ɗan wani malaminmu ya auri 'yar ƙasa, aka shirya walima da rana a wani zauren taro a Taman Melati, aka ɗauki ƙungiyarku. Duk Hausawan Setapak za su je. Aka amince za ka yi waƙa ɗaya.

Bahauddeen ya ce shi zai kwaso kayan. Muna isa muka tarar da tasa kaɗai a kan dandamali. Ya durƙusa har ƙasa a gaban baƙi ya gaishe ka.

"Malam, but ɗin motar ne ya cika, wallahi. Ga tawa nan na saita maka. Boleh lah, za ka iya, Malam, ai a wurinka jita jita ce."

Na ce bari in kira mota in je in ɗauko, ba nisa. Ka kalli dattawan da ke zaune a layin gaba, ka kalli ɗalibinka a durƙushe. Malami ba zai ce a gaban jama'a kayan ɗalibinsa sun fi ƙarfinsa ba, shi ma ya san ba za ka ce ba.

"Bar shi, Mika'ilu," ka ce. "Zauna."

Na zauna na kalla. Babban yatsanka ya nemi tsirkiya a inda ya saba, ya tarar da biyu. Faratan suka riƙa sarƙewa, tafin hannun ya kasa danne komai, sauti ya hau kan sauti. Ɗaya farcen ya fita ya gangara ƙasan kujerun mata. 'Yan ƙasa suka sunkuyar da kai. Namu ne suka yi dariya, namu ne suka ɗaga waya. Kafin magariba bidiyon ya zagaye zauren ɗalibai na waya, wani har ya rubuta a ƙasa cewa Dakta ya koma aji ya huta. Bahauddeen ya taimaka maka ka sauka, cikin ladabi, sannan ya zauna ya ƙarasa waƙar, aka yi masa tafi.

Daga ranar ban ƙara jin komai ta bango ba. Likitoci sun ce ciwon ne ya dawo, kuma ajali ba ya wuce lokacinsa, na yarda. Amma na san abin da ya mutu tun a Taman Melati, kuma har yanzu ina jin zafinsa.

A wajen zaman makoki babu wanda ya kai Bahauddeen kuka. Masu ɗaga waya ma sun zo, sun ce an yi rashin mutumin kirki. Da mutane suka ragu, sai ya matsa kusa da labule ya ce wa Zainabu idan babu mai amfani da tsohuwar jitar, shi zai adana ta don tunawa da Malam. Ta miƙo min wani ƙullin kyalle ta ce in ba shi.

"Jita tana nan inda take," ta ce. "Wannan ya bar maka. Ya ce ka sa su ka kaɗa taka, in ka gama ka gaya wa mutane ko jita jita ce."

Faratanka ne, a karkace yadda ka lanƙwasa su. Ya gwada sa ɗaya, bai shiga ba, sai da ya tanƙwashe yatsansa kamar naka. Ya tsaya yana kallon hannun nasa, kukan ma ya ɗauke. Har a kwance a asibiti ba ka daina ba, Malam. Kai ka koya masa muguntar, ya mayar maka ranar da ba ka da ƙarfin ɗauka, kai kuma ka ajiye masa ta ƙarshe a inda ba zai iya ramawa ba.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka dariyar da ka yi wa yaron nan, ya sa wadda aka yi maka ta zame maka kaffara. Allah ya ba Zainabu da 'yarku Ummukulthum da 'yan uwa na gida haƙurin rashinka. Masu riƙe da bidiyon har yau a wayoyinsu, ba ni da addu'ar da zan yi musu yanzu. Kai kuwa, ranar da za a tashe mu, Allah ya miƙar maka da yatsun nan, ya ba ka littafinka a hannun dama. Amin.