Hedley Squibb da Jinkar Gidan Rijiya

Makon jiya muka kai Hedley Squibb makwancinsa a bayan cocin Melcott, kusa da mahaifinsa. Fasto ya ce in rubuta wani abu a kansa don jaridar ƙauye, tunda ni, Aubrey Legg, na fi kowa daɗewa da shi. Tatsar shanu na sani, amma zan faɗi abin da na gani.

A wurin shan shayi bayan jana'iza mutane sun yi ta cewa babu mai baibayar jinka kamarsa a duk kwarin nan. Gaskiya ne. Amma da yana nan yana ji, da ya sunkuyar da kai, ya ce bari ya leƙa motarsa, ya sulale. Yabo ciwo yake yi masa. Tsofaffinmu sun taɓa sanin dalili, yawanci sun manta.

Benci ɗaya muka zauna a ajin Malama Pardy. Dogo ne siriri, mai manyan kunnuwa masu saurin yin ja. Ko wani ne ya yi laifi, Malama ta ɗaga kai ta ce, "Wane ne?" sai kunnuwan Hedley su amsa, a yi masa hukuncin. Da muka bar makaranta na bi shanu, shi ya bi mahaifinsa kan tsani.

Tsoho Squibb ba mai yawan magana ba ne, kuma doka ɗaya yake ta nanatawa. In an hau tsohuwar jinka, a kankare abin da ya ruɓe a sama, a shimfiɗa sabon karan alkama a kan na da, a kafe shi da ƙusoshin ice. Na can ƙasa ba a taɓa shi. Hedley ya taɓa tambayarsa dalili ina tsaye. Tsohon ya ce, "Don ba kai ka sa shi ba." Iyakar bayanin ke nan.

Shekarar da tsohon ya rasu, babban aikin farko da ya faɗo wa Hedley shi ne Gidan Rijiya, inda Malama Pardy ta koma bayan ta bar koyarwa. Duk mun san ya girmi kowane gida a Melcott, har mashaya. Hedley yana da ƙuruciya a lokacin, kuma ya gaji da jin ana cewa bai kai babansa ba. Yana so ya yi aikin da za a tsaya a hanya a kalla.

Ya kankare na sama, ya ga na ƙarƙashinsa ma bai yi masa ba, ya ƙara nutsawa. Can ƙasa, dab da azara, ya tarar da wani baƙin kara ƙirin, kunkunniya ta daskare a jikinsa kamar kwalta. Ya sauko da dunƙule ɗaya a hannu, fuskarsa duk baƙi.

"Malama, dubi ƙazantar da kike kwana a ƙarƙashinta."

Ta yatsine fuska. "To me kake jira, Squibb? Kwashe ta."

Ya yaye jinkar kaf har azara suka fito tsirara. Farkon Nuwamba ne, ana tara kayan ƙonawa a filin ƙauye don wutar bikin shekara, sai aka kwashe baƙin karan a bayan tarakta aka jibge shi a can. Rana na faɗuwa aka kunna. Ba mu taɓa yin wuta irin ta bana ba, kowa ya ce. Aka gasa dankali a tokarta, aka yi ta saya wa Hedley giya. Sabuwar jinkar kuwa ta fito kamar an zana ta. Na ga mutane sun tsayar da mota suna ɗaukar hoto.

Da sanyi ya wuce wani mutum ya zo daga gidan adana kayan tarihi na gunduma, da fitila a hannu, ya roƙi Malama ta bar shi ya leƙa cikin rufin. Wani tsohon fasto ne ya taɓa ba shi labarin gidan. Na kawo mata madara ke nan, Hedley kuma ya zo ɗaukar tsaninsa. Mutumin ya daɗe a sama. Da ya sauko yana riƙe da ɗan baƙin karan da ya maƙale a kan bango, bai fi cikin tafin hannu ba.

Ya tambaya a hankali, "Sauran fa?"

Hedley ya ce, "Mun ƙone."

Mutumin ya zauna a bakin rijiya. Bai yi faɗa ba, kuma ina ganin da ya yi da ya fi sauƙi. Ya ce baƙin nan hayaƙi ne na zamanin da gidan ba shi da bututun hayaƙi, ana hura wuta a tsakar ɗaki. Karan daga gonakin nan namu aka girbe shi tun kafin a gina hasumiyar coci, kuma hayaƙin ne ya hana shi ruɓewa. Ya buɗe hannu ya nuna mana zangarniya guda da ƙwayarta a ciki, da wani busasshen furen ciyawa da lauje ya haɗa da ita. Kowane mai baibaya da ya hau gidan, in ji shi, ya gan shi ya bar shi.

"Ba kai kaɗai ba ne," ya ce da Hedley. "Ana ta yin haka a ko'ina."

Hedley bai dube shi ba. Kunnuwansa kamar za su yi jini. Ya ce, "Babana ya hana ni." Ya saɓa tsaninsa ya tafi.

Kafin mako ya zagayo labari ya kai mashaya. Percy Gale mai mashayar, wanda bakinsa ba ya ajiye komai, yana ganin Hedley ya shigo ya ce, "Jama'a, kowa ya riƙe hularsa, ga Ashana nan." Aka fashe da dariya. Wani ya ce, "Hedley, kakata ma ta tsufa ta yi baƙi, yaushe za ka zo?" Babu mugunta a ciki, haka muke da juna. Sunan ya kama shi. Yaran da aka haifa daga baya suna ce masa Mista Ashana, suna tsammanin don lofen da yake sha ne. Yana amsawa, wani lokacin har da murmushi.

Daga ranar bai ƙara bin Layin Rijiya ba. In zai je coci ko kanti sai ya zaga ta tsohon injin niƙa, ko da ana ruwa. Ya auri Beryl, suka haifi 'yarsu Rosalind, ya baibaye kusan kowane gida daga nan har bakin teku, kuma ba a taɓa jin ya sake taɓa karan ƙasa ba. In mai gida ya ce a yaye duka, sai ya tattara kayansa.

Amma doron jinka ba ya daɗewa kamar jikinta. Bayan shekara goma da wani abu sai an sake shi, in ba haka ba ruwa ya sami hanya. Lokacin na Gidan Rijiya ya yi, Malama ta aiko ni.

"Gaya wa Squibb dorona ya fara zubewa."

Na gaya masa. Ya ce aiki ya yi masa yawa, sai bayan girbi. Bayan girbi ya ce karan bana bai yi kyau ba. Shekara ta juyo, ya ce akwai wani mai baibaya a hayin kogi, mutumin kirki ne, ta kira shi.

Malama ta ce, "Tun ina yarinya 'yan gidan Squibb ke hawa gidan nan. Ba zan fara da baƙo ba ina da ƙafa ɗaya a kabari."

Gansakuka ta rufe ɓangaren arewa. Tsuntsaye suka yi ta zare kara. Ina shiga da madara ina ganin kwanuka suna ƙaruwa a benenta, daga bokiti sai tukunyar miya, har da kwanon da take kwaɓa fulawa. Ta jawo gadonta zuwa tsakiyar ɗaki. Ta haura tamanin a lokacin, ga tari ya kama ta, ga wani sanyin yana tafe.

Na same shi a rumfarsa yana tsaga icen ƙusoshi.

"Hedley, matar nan za ta mutu a cikin ruwa."

"Na ce ta kira na hayin kogi."

"Ka san ba za ta kira ba. Kai da ita ban san wa ya fi taurin kai ba."

Ya ci gaba da tsagawa. Can ya ce, "Aub, in na ɗora tsani a bangon nan, duk ƙauye za su fito kallo. Percy zai zo da bokitin ruwa."

"Sai me? Yau ka fara jin bakin Percy?"

"Ba Percy ba ne." Ya ajiye wuƙar. "In na hau zan ga wurin. Na san inda na fara sa hannu. Ina jin ƙarar da ya yi da na finciko shi."

Na dafa kafaɗarsa na fita. A hanya ni ma kunya ta rufe ni, ta tsohuwar da ta koya mana karatu tana kwana cikin kwanuka, alhali dukanmu mun sani muna wucewa.

Ita ta kawo ƙarshen abin. Ran wata Asabar da safe ta tako da sandarta tun daga Layin Rijiya har gidan Hedley, tana tsayawa tana hutawa a kowace ƙofa. Beryl ta fito da gudu da kujera, ta ƙi zama.

"Squibb, fito nan."

Ya fito ya cire hula, mutum mai furfura a gefen kai.

"Ka ƙone tsohuwar, yanzu kuma so kake ka ruɓar da sabuwar?"

"Malama, ni dai..."

"Ban ce ka yi magana ba. Wa ya ce ka kwashe? Ni ce. Ni mai koyar da tarihi. Kana tsammanin kai kaɗai ke kwana da abin? To ni ina kwana da shi, ga kuma ruwa a fuska. Litinin."

Ran Litinin ya zo, na riƙe masa tsani. Babu wanda ya fito kallo. Percy ya wuce, ya ɗaga hannu, ya ci gaba da tafiyarsa. Hedley ya hau, ya buɗe doron, ya zura hannu ta ɓangaren arewa. Na ga ya tsaya cak. Ya sauko a hankali ya buɗe mini hannunsa. Ice ne, ya yi laushi kamar jiƙaƙƙen burodi.

Babbar azarar ce, wadda take sa'ar baƙin karan, abu ɗaya da ya rage daga rufin farko. Ta jure duk zamanin nan, ruwan shekarun da ya yi yana jinkiri ya cinye ƙarshenta.

Ya zauna a matakin tsani na ƙasa, ya rufe fuska da hularsa. Ban taɓa ganin ya yi kuka ba sai ranar, ko a jana'izar babansa. Malama ta leƙo ta taga ta dube shi, ta dubi icen da ke hannunsa.

"Azarar ta mutu duka?"

"Ƙarshenta ne, Malama."

"To a yanke ƙarshen. Legg, je ka kira kafinta. Kai kuma in ka gama, akwai shayi."

Aka yanke wajen tsawon hannu, aka yi mata ƙari da sabon ice. Hedley ya sake doron, ya cike inda ya zube, kafin dusar ƙanƙara ta sauka gidan ya bushe. Shayin ne bai shiga ya sha ba. A bakin ƙofa ya karɓa, yana tsaye. Malama ta ƙara shekaru a gidan, gadonta a jikin bango inda take sonsa.

Na so a ce daga nan ya sami sauƙi. Bai samu ba, yanzu abu biyu yake ɗauke da su. Abin da ya sauya shi ne ya daina gudu. Duk kaka, kafin ruwa ya yi ƙarfi, sai ya ɗora tsani a Gidan Rijiya ba tare da an kira shi ba. Bayan Malama gidan ya yi ta sauya hannu, wasu masu shi ba su ma san sunansa ba, sai dai su buɗe labule su ga tsoho a kan rufinsu. Da gwiwoyinsa suka ƙi, sai ya tsaya a layi ya daɗe yana kallon sama.

Watan da ya wuce aka yi iskar nan da ta kayar da bishiyar bakin gada. Yana kwance a gidan Rosalind, numfashi yana yi masa wuya. Na je da safe na zauna kusa da shi, na kama hannunsa, hannun nan mai kaushi da ya koma kamar takarda.

"Aub, ka bi ta can?"

"Na bi. Lafiya lau, ko kara ɗaya bai tashi ba."

"Ta arewa fa? Daga layi ba a ganinta."

Ban zaga ta arewa ba, kuma ya gani a fuskata. Na tashi na ɗauki sandata. Na ƙwanƙwasa wa mutanen gidan, suka bar ni na shiga lambunsu, na tsaya cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa na duba tun daga doro har baki. Da na dawo barci ya fara ɗaukarsa. Na sunkuya na ce masa ta arewa ma tana nan daram.

Ya ce, "To," bai buɗe ido ba.