Azumin da Inna Ta Karya Mini

Shekarun baya, lokacin da kasuwar uraniyom ta faɗi aka shiga sallamar ma'aikata a Arlit, ina cikin waɗanda aka ce su tattara. Makanikin manyan motoci ne ni, ɗan Maraɗi, tuzuru, ina haya a gidan wata tsohuwa 'yar Tawa da kowa ke kira Inna. Ni kaɗai ne Kirista a gidan.

Ga fari, ga tawaye. Motocin abinci ba sa shigowa daga Agadas sai da rakiyar sojoji, gero ya yi tsadar da mutum zai tsaya gaban mai awo ya yi ta kallo kawai. Na rasa yadda zan yi: in koma Maraɗi hannu rabbana, ko in zauna in kafa ɗan gareji a bakin tasha? Sai na ce bari in ɗauki azumi na mako guda in nemi fuskar Ubangiji. Ba zan ci komai ba, dare da rana, sai ruwa.

To mu tun muna yara an koya mana cewa azumi tsakaninka da Allah ne. Ka wanke fuska, ka shafa mai, kada ka fita kana lanƙwashewa don a yi maka sannu. Na ɗauki abin da gaske. Na lafta man shafawa har goshina yana ƙyalli, na ja ƙofa, na durƙusa.

Abin da na manta shi ne, a gidan Inna babu wani abu da ke tsakaninka da Allah kaɗai. Ta lura ban hura gawayi ba, ban fita sayen burodi ba. Kuma da rana tsaka ta gan ni a bakin randa ina kwankwaɗar ruwa, don haka azumi bai ma zo mata a rai ba. Ta yanke hukunci cewa yaron nan yunwa ce ke cinsa, kunya ta hana shi magana.

Ina tsakiyar addu'a, har na fara jin zuciyata ta natsu, sai ga sallama. Inna ce da kwanon tuwo da miyar kuka. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya, don ba a mayar wa tsohuwa kwanonta. Na ajiye a lungu, ƙamshin daddawa ya cika ɗakin. Ku gaya mini yadda mutum zai yi tunanin Mulkin Sama a haka.

Washegari fura ta riga rana fitowa. Da azahar dambu. Duk lokacin da na ce “Ya Uba”, sai in ji takun Inna. Haushi ya ishe ni, har na ce wa Allah, ni fa don kai na rufe ƙofar nan, me ya sa ba za ka tsare mini ita ba?

Da na ga abincin zai lalace a wannan zafi, sai na riƙa lallaɓawa da yamma ina kai wa wasu buzaye da fari ya cinye musu dabbobi, suka kafa bukkoki a bakin gari. Na ji daɗin kaina ƙwarai: ga azumi, ga sadaka, duk a ɓoye. Ban san Inna tana ɗiga jan fenti a gindin kowane kwanonta ba, kuma matan unguwa duk sun san alamar. Wata mai tallan itace ta gan ni ina juye tuwo, labari ya riga ni isa gida.

Kashegari da rana Inna ta shigo ba sallama. Ta dire kwano a gabana, ta zauna a bakin ƙofa.

“Ɗana, mi na yi maka? In don ni musulma ce ba ka cin abin hannuna, ka hwaɗa mini in sani.”

Na yi ta rantse-rantse, ƙarshe dai asirin da na yi ta riƙo ya fita, na ce azumi nake. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ita ta tsufa ba ta taɓa ganin azumi da shan ruwa ba, in nemi wata ƙaryar. Na fara bayanin yadda namu yake, ta ɗaga mini hannu. Ta ce tuwon nan daga rabonta take ragewa, don ba za a ce ɗan mutane ya faɗi a gidanta ba.

Na dubi kwanon, na dubi tsohuwa. Saura kaɗan makon ya cika, kuma ban ji ko kalma ɗaya daga sama ba. Raina a ɓace na wanke hannu, na yi addu'ar abinci mafi gajarta a rayuwata, na kai loma. Ba ta motsa ba sai da na suɗe kwanon. Sannan ta tashi tana cewa dama ta san yunwa ce.

Har ta bar duniya Inna ba ta yarda na yi azumin nan ba, kuma har yau in na tuna sai na ji wani ɗan haushi ya taso. Amma ban koma Maraɗi ba. Na kafa garejin, ya ci da ni shekaru. Mutane kan tambaye ni ko Allah ne ya ce in zauna, ni kuwa ban ji wata murya ba. Abin da na sani, na rufe ƙofa ina roƙonsa ya nuna mini ko ina da kowa a garin nan, tsohuwa tana tsaye a waje da abincin bakinta, ni kuma ina kai ƙararta wurinsa cewa ta hana ni ibada.