Mabiyiyar da Fatna Ta Binne

Fatna ungozoma ce, duk unguwar Harra ta Gabas babu gidan Hausawan da bai san hannunta ba. A goye aka kawo ta Madina daga Damagaram, ta tsufa ba ta yarda da likita namiji ba. Ni maƙwabciyarta ce, na sha gaya mata rabin unguwa ita ta jawo su duniya, shi ya sa suka fito da taurin kai irin nata.

Aikinta ba ya ƙarewa a yankan cibiya. Sai ta wanke mabiyiya, ta naɗe a ƙyalle, ta binne. Ƙasar Harra kuwa baƙin dutse ce, har guntun ƙarfen haƙa gare ta, ba ta ba kowa aro.

Jikarta Sundus da sikila aka haife ta. Yarinya kamar tsinke, ido kamar an zuba kurkum, kullum ana hanyar asibiti ƙarin jini. Da uwar, Suhaila, ta sake samun ciki, wani likita ɗan Kano, Dakta Sharfuddeen, ya ce an gwada, ɗan cikin lafiyayye ne, kuma ya dace da yayarsa. A jinin cibiyarsa akwai ƙwayoyin da ke tsirar da sabon jini. In an ɗiba lokacin haihuwa, za a dasa wa Sundus. Amma fa sai an haihu a gabansu.

Fatna ta ce Turawa sun fara da buga kwafin tunkiya, yanzu an kai ga haihuwar ɗa don a yi gyara da shi kamar tsohuwar mota. Na ce malamai sun halatta na cibiya, ita wa ya naɗa ta mufti? Ta yi tsaki, amma ta ce ta yarda.

Naƙuda ta zo da hantsi, mijin Suhaila, Walid ɗan Fatna, yana wurin aiki. Suhaila ta roƙa a kira mota. Fatna ta shafa cikin ta ce da saura, 'yar gidan mutunci ba ta gudu asibiti da ciwon farko. Kafin azahar yaro ya faɗo a tabarma. Ko da Suhaila ta dawo hayyacinta tana tambayar mabiyiya, har an binne an daddale rami.

Walid ya tone da yatsunsa, ya kai a leda. Likita ko buɗewa bai yi ba. Ya ce sai dai a jira yaro ya yi ƙwari a ɗebi ɓargonsa. Bai fara rarrafe ba aka kai Sundus maƙabartar Baƙi'a.

Walid ya kwashe iyalinsa ya koma unguwar Jurf. Fatna ba ta sake karɓar haihuwa ba. Nakan shiga in tsokane ta, ko za ta zage ni in ji daɗi, sai dai ta bi ni da ido. Rannan ta riƙe mini gyale.

“Ke Halimatu, da gangan na yi ko mantuwa ce? Na tambayi kaina har na gaji.”

Na ce mantuwa ce mana. Ta ce ƙarya nake, ni ma ban sani ba. Da gaskiyarta.