Kaluluwar da Ba Ta da Miki

Wanda ya fara kiran wannan cuta ciwon daji ya cuce mu, kuma ban yafe masa ba. Sunan nan kaɗai ya kusa raba ni da mijina.

Mijina wankin hula yake yi a unguwar Gwange. Tun da aka haƙa ramin tsaron nan aka kewaye gari, ƙafarsa ba ta sake taka bayan Maiduguri ba. Daga gida sai rumfa, daga rumfa sai masallaci. Mutumin da ko ƙauyensu ya daina zuwa, shi ne wai daji ya kama.

Ni na fara ganin abin. Ya dawo daga aski, ya sunkuya yana alwala, sai na hangi kumburi a gefen wuyansa kamar ƙwallon dabino. Na ce kaluluwa ce. Kowa ya san kaluluwa ba ta zuwa haka kawai, sai akwai miki a wani wuri. Na zaunar da shi na duba kansa ko aska ta yanke shi, na leƙa kunne, na sa ya buɗe baki na haska haƙoransa da waya. Babu komai. Na ɗumama kan muciya a wuta na danna masa, kamar yadda ake yi mana muna yara. Ko motsi bai yi ba.

"Ba ta ciwo?"

"Ko kaɗan. Ki bar ta, abin da ba ya ciwo ai ba cuta ba ne."

Na yarda da shi, mu duka mun yarda. Amma yatsuna ba su yarda ba. Kaluluwar miki tana da zafi, tana da fushi, mutum yakan zabura in an taɓa ta. Wannan sanyinta ƙalau, tana sulɓewa a ƙarƙashin fata kamar roba, kamar ba ruwanta da mu.

Sai gumi ya biyo baya. Da safe in ya tashi, nakan tarar da siffarsa a kan zanen gado, a jiƙe sharkaf: ga kai, ga kafaɗu, ga ƙafafu. Shi yana waje yana asuwaki, amma ga wani mutum kwance a wurinsa. Lokacin damina ne, ba zafi ake yi ba. Zobensa ya fara zamewa yana faɗawa cikin ruwan kanwa da sabulu. Wata rana na kai masa abinci rumfa, na same shi zaune a tsakiyar gumakan da ake kifa huluna a kai, jere a rana kamar kawunan da ba fuska. Ya kama hannuna ya kai hammatarsa. Wata ce a can.

"Sun zama biyu," in ji shi, a hankali, kamar kada su ji.

A babban asibiti wata likita ta gan mu, yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar 'yata ba. Ta lalube wuyan, hammata, matsematsi. Ta ce zai iya zama tarin fuka, zai kuma iya zama ciwon daji na kaluluwa, wanda suke kira limfoma. Ba za a sani ba sai an ciro kaluluwa ɗaya an duba. Ta ba mu rana, ta ce ya zo bai ci komai ba.

Kalmar daji ta riga mu isa gida. Yayansa, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, ya zo ya shimfiɗa tabarma a ƙofa.

"Daji ba ya son ƙarfe," ya ce. "Allura ta taɓa shi, ya fusata, ya watsu. Ba mai yanka mini ƙane."

Ya kawo mai magani, wanda ya ce abin jeji ne ya biyo wata hula da aka kawo wanki daga ƙauye. Aka yi hayaƙi har idanunmu suka yi ja. Ranar asibiti ta zo ta wuce. Mijina bai taɓa musa wa yayansa ba, ko a kan kuɗin cefane.

Ni sai da na aurar da 'yata ta fari kafin na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma daga nan ban tsaya ba. A ajin yamma malaminmu ya taɓa zana ƙwayar halitta a allo, da'ira da ɗigo a tsakiya, ya ce da irinta aka gina mu tun daga gashi har farce. Na haddace don jarrabawa, ban ɗauka za ta biyo ni gida ba. Na yafa lafayata na koma wurin likitar ni kaɗai.

"'Yata, ki gaya mini da Hausa. Me ya shiga jikinsa?"

"Mama, in abin da nake zato ne, ba abin da ya shiga."

Ta ce kaluluwa masauki ce ta wasu fararen ƙwayoyin jini, masu tsaron jiki. In miki ya samu, sai su yi ta rabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, shi ne kumburin da muka sani. In an gama faɗan, rarar sai su mutu da kansu. Kowace ƙwaya tana ɗauke da umarni a cikinta, har da na lokacin mutuwarta, kuma duk rabuwa sai an kwafe umarnin nan. Wani lokaci a wajen kwafewa akan yi kuskure. Sai a sami guda ɗaya da ba ta san lokacin mutuwarta ba. Ita da 'ya'yanta su yi ta ƙaruwa, ba miki, ba abokin faɗa.

Mu da muka zauna a garin nan mun san abin da ake nufi in an ce daji. Mun kuma san, ko ba ma faɗa, cewa da yawa daga waɗanda muke tsoro a can, a lungunanmu aka yi sunansu.

"To ƙarfen fa?" na tambaye ta. "An ce watsuwa yake yi."

"Waɗannan ƙwayoyin matafiya ne tun asali, Mama. Aikinsu ke nan, zagaya jiki. Ba wuƙa suke jira ba." Ta ce limfoma iri-iri ce, da yawa suna jin magani sosai, amma kowace da nata maganin, kuma ba a gane ta da ido. Ba ta yi mini alkawarin komai ba. Shi ya sa na yarda da ita. Ta ce in ya amince, in kawo shi gobe da safe, bai ci komai ba.

Na iso gida bayan la'asar. Yayan yana kan tabarmarsa da carbi, mijina a gefensa ya jingina da bango.

"Wushe, Yaya," na gaishe shi. "Abin nan ba daga jeji ya zo ba. Ɗan gida ne."

"Bokon tsufa ya fara aiki ke nan."

"Ya fara. Yaya, hayaƙi yana korar baƙo. Wa zai kora a nan? Jininsa ne, namansa ne."

"Ke kika haife shi?"

"Ni nake wanke zanen gadonsa."

Ya juya wa ƙanensa magana da Kanuri, da sauri, ya san in aka yi sauri ba na kamawa duka. Hannun mijina na kan wuyansa, yana lalube can ƙasa, kusa da ƙashin kafaɗa, wurin da jiya babu komai. Ya ɗago ya dube ni. Muna zaune muna gardama, su kuwa ƙwayoyin suna can suna ta rabuwa, ba su san da mu ba.

Da gari ya waye ban hura wuta ba. Shekara da shekaru, ko ranar da ba mu da sukari, mijina bai taɓa dawowa daga masallaci ya rasa shayi ba. Ya shigo, ya dubi murhu a sanyaye, ya dubi butar a kife, ya dube ni da lafaya a jikina. Ya daɗe a tsaye.

"Miƙo mini hulata," ya ce.

Yayan yana ƙofa. Na gaishe shi, na ɗaga gefen tabarmar don mijina ya wuce, na fita titi na tsayar da keke napep.