Malam Dogara, Mai Farautar Ƙudan Mangwaro

Shekara ashirin da ɗoriya, da hantsi sai a ga Malam Dogara, malamin gona, ya ɗaure gorunan roba na tarkon ƙuda a bayan babur ya nufi lambunan Kiyako. Ya rataya wannan a reshe, ya sauke wancan, ya juye ƙudajen da suka faɗa ciki a farin ƙyalle yana duba su kamar mai tsintar shinkafa. A wannan watan ya yi ritaya.

Mun taso ana ce mana zaƙin mangwaro ne ke haifar da tsutsa. Zuma ta fi shi zaƙi, ina tsutsarta? Dogara ma bai taɓa yarda ba.

Shekarar da mangwaro ya yi ta zubewa ruɓaɓɓe, Inna Batulu ta kira masu gatari su sare itatuwan da mahaifinta ya dasa. Dogara ya tarar ana wasa gatari.

"Inna, ki ba ni shekara biyu."

"Kai mai kiwon ƙuda a gora? Nono za ka tatsar mana?"

Ta dai ba shi. Yana zargin baƙon ƙuda ne ke zuba tsutsar, amma ido ba ya tabbatarwa. Wata malamar jami'a ta ce ya aiko da ƙudajen, za su karanta ƙwayoyin gadon da ƙuda ke samu daga uwarsa kaɗai, su gano zuriyarsa. Sai bawan Allah ya shanya ƙudajen a rana kamar kuɓewa, wai kada su lalace a hanya. Zafi ya lalata abin da za a karanta. Da ƙafarsa ya je ya gaya wa Batulu kuskurensa.

"Saura shekara ɗaya," in ji ta. "Gatarin bai yi nisa ba."

Da mangwaro ya dawo, ya bi lambuna har Gwaram, wannan karon a sifirit mai hana ruɓewa ya jiƙa ƙudajen, kowace kwalba da sunan ƙauyenta. Amsa ta zo: baƙo ne. Ashe maganin da ake sawa a tarkon na jawo ƙudan mangwaron ƙasarmu ne, ba baƙon ba. Aka sauya. Ya koya wa manoma ƙulle mangwaron da ya faɗi cikin baƙar leda a rana, kada tsutsar ta shige ƙasa ta zama ƙuda.

Kai ne wanda ya yi kuskure ya faɗa, Dogara. Sunanka can ƙasan takardar binciken da jami'a ta fitar yake, da ƙananan baƙaƙe, amma Allah Ya saka maka. Matasan malaman gona, ku ma ku riƙa zuwa lambun da kanku.

Itatuwan Batulu suna nan tsaye. Kwandon farko na Dogara ne duk shekara, da saƙonta: "A ce ya yanka ya duba."