Karen da Ya Ƙi Yarda Ni Ne Maigida

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifinmu, hawasha, wato gonarmu ta noman ban-ruwa, da awakin gida suka dawo hannuna a ƙauyenmu da ke kusa da Makwar, a ƙasar Sudan. Cikin wata biyu aka sace mana akuya uku da rana tsaka, muna gona. Da abokina mai tuƙin tarakta a Damazin ya ji labari, sai ga shi da wani jan kare a bayan mota, wai daga wajen makiyaya ya karɓo shi. Kansa kamar turmi, kunne ɗaya a yage.

Satar ta tsaya. Matsalar ita ce mu ma shiga garken ya fara gagararmu.

Abokina ya ce, "Ya zol, mutumina, kare shugaba kawai ya sani. Ka ci abinci a gabansa kafin ka ba shi. Ka zuba masa ido har ya sunkuyar da kai. In ya yi gurnani, ka kama wuyansa ka danne shi a ƙasa." Kawuna kuwa cewa ya yi duk wannan dogon zance ne, sanda uku a gadon baya ta wadatar.

Na bi ta abokina. Ni da gemuna, na zauna gaban kare ina cin kisra, wainar dawarmu mai faɗi, ina harararsa. Ranar da na kai hannu wuyansa kuwa, ban san lokacin da na haye saman rumfar awaki ba, ƙafar wando ɗaya a bakinsa.

Kwana biyu bayan haka ya tsinke igiya ya bi maƙwabcinmu, dattijo mai jaki, har bakin tur'a, magudanar da ke kai ruwa gonaki, ya yaga masa jallabiya. Dattijon ya zo ƙofar gida yana haki. "Albarkacin mahaifinka na yi shiru. Amma in Juma'a ta zagayo wanga kare yana nan yadda yake, wallahi guba zan sa masa." Ban ga laifinsa ba. Amma na san in karen ya tafi, awakin za su bi bayansa.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne mahaifiyata. Ba ta taɓa taɓa shi ba, ko kwanon da ya lasa ba ta yarda ya haɗu da namu. Amma kullum da safe takan wuce ta gabansa ta tatsi nono, shi kuwa yana kwance ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa. Sai na ajiye zuwa gona kwana uku, na zauna a inuwa ina kallo.

Tun daga nesa take fara magana, ya ji muryarta kafin ya gan ta. Ba ta kallon idonsa. Ragowar abinci wuri ɗaya take ajiyewa, lokaci ɗaya, ta juya ta bar shi ya ci. In ya yi gurnani takan tsaya cak, ba gaba ba baya, har ya gaji.

Na ce, "Inna, asiri kika yi masa ne?"

Ta yi dariya. "Mi kake riƙe da shi yanzu?"

Na duba hannuna. Sanda ce. Tun ranar rumfa ban ƙara zuwa kusa da shi hannu sake ba.

"Maƙwabcinmu fa, mi yake kora jakinsa da shi? Duba bayan karen nan da kyau, duk tabo ne. Kai kana tsoronsa, shi yana tsoronka, kun tsaya kuna gardamar waye sarki."

Na ajiye sandar, na karɓi aikin ba shi abinci yadda take yi. Ran Alhamis na je na roƙi dattijon ya zo ya gani, amma ya bar sandarsa a gida. Ya zo yana ta'awizi. Karen ya miƙe, gashin wuyansa ya tashi, ya yi haushi biyu. Mahaifiyata daga bakin murhu ta ce, "Halas, ya isa." Ya ɗan jima a tsaye, sannan ya kwanta. Dattijon ya daɗe yana kallonsa, ya ce a dai canza igiyar da sarƙa, ya tafi.

Da abokina ya dawo ya ji, sai ya buga cinya. "To ai maganata ce! Inna ce shugabarsa." Ita kuwa ta ce, "Ni ba shugabar kowa ba ce, ɗan nan. Kullum dai ya san abin da zan yi."

Har yau ni da abokina ba mu gama wannan musu ba, kuma ba zan rantse waye mai gaskiya ba. Wataƙila shi da Inna abu ɗaya suke nufi, sunan ne ya bambanta. Karen bai taɓa zama mai wasa ba. Shekara bakwai ya yi da mu, yana raka ni hawasha yana tafiya a gefena, amma har ya mutu bai yarda hannuna ya kai wuyansa ba. Ni ma daga baya na daina nema.